Me Ke Jawo Ƙugi a Lasifika Ko Ba a Sa Komai Ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) da lasifika biyu a ɗaki, na haɗa su da talabijin da dikoda da kwamfuta. Da zarar na kunna sai in riƙa jin wani ƙugi mai kauri yana fitowa daga lasifikun, ko da ban sa komai ba. Na sauya wayoyin lasifikar amma bai daina ba. Wani ya ce in cire ƙafa ta uku ta fulogin, wai zai yi shiru. Shin amfilifayar ce ta lalace?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin komai, ina roƙonka kada ka taɓa wannan ƙafa ta uku, zan kuma faɗi dalili nan gaba. Game da amfilifayar kuwa, bisa yadda ka kwatanta, na fi kyautata zaton lafiyarta ƙalau, kuma za ka iya tabbatar da haka da kanka ba tare da ka sayi komai ba.

Ka fara kasa kunne sosai, domin kowace irin ƙara da inda take fitowa. Ƙugi mai kauri wanda ba ya hawa ba ya sauka, na wutar lantarki ne, domin wutar gida tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa ɗaya a Turai da mafi yawan Afirka, sau 60 a Amurka, kuma wannan kai-komon ne kunnenka ke ji idan ya samu hanyar shiga cikin sauti. Idan ƙarar siririya ce mai kaifi kamar ta ƙudan zuma, to galibi daga caja take, ko fitilar da ake rage wa haske. Shuuu ɗin da ake ji sai an kai kunne dab da lasifika kuwa, kowace amfilifaya tana da shi kaɗan, ba abin damuwa ba ne.

Naka na farkon ne, ga kuma yadda za ka gano tushensa. Ka kashe amfilifayar, ka zare duk wayoyin da ke kawo mata sauti, ka bar wayar wuta da ta lasifika kawai, sannan ka kunna. Idan ɗakin ya yi tsit, ka wanke amfilifayar daga zargi. Daga nan sai ka riƙa mayar da wayoyin ɗaya bayan ɗaya, kana kashewa kafin kowane haɗi domin kada ƙarar sokawa ta illata lasifika, har ka zo kan wadda da shigarta ƙugin ya dawo. Mutane da yawa suna ƙosawa su sauya abu uku a lokaci guda, sai ƙarar ta tafi ko ta zauna ba su san wanne ne sanadi ba, shi ya sa nake nanata cewa ɗaya-ɗaya ake bi.

Abin da nake sa ran za ka tarar shi ne matsalar da ke faruwa idan na'urori biyu suka haɗu da ƙasa ta hanyoyi daban-daban. Kowace na'urar da ƙafa ta uku ta fuloginta ke haɗe da jikinta tana da hanyarta ta zuwa ƙasa, sannan wayar sauti ta RCA, wato mai kai ja da fari, ta sake haɗa jikinsu ta ragar ƙarfen da ke lulluɓe da ita. Idan amfilifaya tana wannan soket, kwamfuta tana wancan, ko kuma wayar eriya ta shigo daga waje da tata hanyar ƙasar, to akan samu ɗan bambancin ƙarfin wuta tsakaninsu wanda bai taka kara ya karya ba, amma ya isa ya sa wuta ta riƙa gudana ta cikin ragar. Ita kuwa amfilifaya ba ta bambance sautin gaske da wannan, duk abin da ya shigo mata ƙara masa ƙarfi take yi. Wannan ne ma ya sa sauya wayoyin lasifika bai amfana maka komai ba, domin ƙarar ta riga ta shiga tun kafin ta iso gare su.

Maganin farko shi ne ka tara fulogin duka na'urorin a kan soket ɗaya mai baki da yawa. Idan bai wadatar ba, ka kwance wayar eriya daga bayan dikoda ka saurara. In ƙugin ya ɗauke nan take, ka kama ɓarawonka. Akwai ɗan abin da ake ɗaurawa a kan wayar eriya ya raba hanyoyin ƙasar biyu, sai dai ba ya dacewa da tauraron ɗan'adam, saboda dikodar tana aika wuta mai ƙarfin bolt 13 ko 18 ta wannan wayar zuwa kan faranti, kuma idan aka tare ta hoto zai ɗauke. A irin wannan hali gara a raba ta ɓangaren sauti, ko da ɗan tiransifoman da ake sawa a tsakiyar wayar RCA, ko kuma, wanda ni na fi so, da wayar da ke ɗaukar sauti ta haske idan na'urorinka suna da bakinta, tunda babu ƙarfe a cikinta balle wuta ta bi. Kwamfutar tafi-da-gidanka gwajinta mai sauƙi ne: ka zare cajarta ta koma kan batir, ka ji ko an samu canji. Ka kuma raba wayoyin sauti da na wuta, kada su kwanta tare a jere. In dole ne su haɗu, su gitta juna.

To, batun ƙafa ta uku. Gaskiya ne cire ta na iya sa ƙugin ya yi shiru, kuma wannan ne ke ruɗar mutane. Amma ita ce hanyar da wuta za ta bi zuwa ƙasa ranar da wata waya ta zame a ciki ta taɓa jikin ƙarfen na'urar, har fis ya ƙone ko makatsar wuta ta faɗi. Idan babu ita, jikin duk wanda ya ɗora hannu a kan amfilifayar ne zai zama hanyar, ko kai ko yaron da ke wasa a ɗakin. Ban yarda da wannan dabara ba ko na kwana ɗaya.

Idan kuwa ka zare komai amma ƙugin yana nan daram a lasifiku biyun, kuma rage murya ba ya rage shi, to nan ne zargi ke komawa kan amfilifayar. Mafi yawa manyan kafasitocin da ke tace wuta ne suka tsufa, har wani lokaci a ga kansu ya kumbura, kuma ƙuginsu ya ɗan fi na farkon siranta domin ninkinsa ne, sau 100 ko 120 a daƙiƙa. Wannan aikin mai gyara ne, kada ka buɗe ta da kanka, domin kafasitocin suna riƙe wuta ko bayan an zare fulogi. Amma tunda akwai dikoda a cikin haɗinka, ka fara da kwance wayar eriyarta tukuna.