Kwalabe 46 a durowa, uku a but ɗin mota: sha'awar turare ce ko ciwon saye?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Ni ma'aikacin gwamnati ne a cikin birnin Kano, ina da mata da 'ya'ya huɗu. Tun ina saurayi nake son turare, amma a 'yan shekarun nan abin ya wuce gona da iri. Da na ƙirga a makon jiya na samu kwalabe 46 a durowa, ban da ƙananan kwalaben turaren mai, kuma akwai wasu uku a but ɗin motata da na kasa shiga da su gida don kada uwargida ta gani. A watan jiya na ɗauki adashin ofis da niyyar biyan kuɗin makarantar yara, fiye da rabinsa ya tafi a turare. Kullum sai in ce wannan ce ta ƙarshe. Abokaina suna cewa ai sunna nake rayawa, kuma gara ni da masu shaye-shaye. Shin ciwo ne ko sha'awa ce kawai, kuma yaya zan yi in tsaya?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma na yaba da yadda ka faɗi maganar adashi da ta but ɗin mota, domin su ne suka fi adadin kwalaben muhimmanci a wurina.

Son ƙamshi a Kano ba baƙon abu ba ne da za a kira shi ciwo. Gari ne da ba a haɗa lefe babu turaruka, amarya ba ta tarewa sai da humra da turaren wuta irin na mutanen Borno, kuma Bintu Sudan, wanda aka fara haɗa shi tun 1920, ya shafe shekaru da dama ana sarrafa shi a nan garin. Akwai attajirin da zai ajiye kwalabe ɗari a kabad, yana fesawa, yana kyauta da su ranar Juma'a, ba wanda ya kwana da yunwa a gidansa saboda haka. Wannan mai sha'awa ne. Abin da ya raba ka da shi abu uku ne da ka rubuta da hannunka: kana ɓoyewa, ka taɓa kuɗin da aka ware wa wata larura, kuma ka sha ɗaukar wa kanka alkawarin dainawa kana karyawa.

Kafin mu je ga dalili, mu ɗan yi lissafi, domin yawancin masu wannan hali ba su taɓa zama sun yi shi ba. Feshi ɗaya yana fitar da kimanin kashi ɗaya cikin goma na mililita, wato kwalba mai mililita 100 tana ɗauke da feshi wajen 1,000. Idan mutum yana fesawa sau shida a kullum, wanda ya isa a ji wucewarsa a sahun masallaci, kwalba ɗaya za ta kai shi fiye da wata biyar. Idan kwalabenka 46 irin waɗannan ne, kana ajiye da turaren fiye da shekara 20, ko da ba ka ƙara sayen ko ɗaya ba daga yau. Turare kuwa ba ya jiran mutum shekara 20 a garin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40. Zafi da hasken rana da iskar da ke shiga kwalba bayan an fara amfani da ita suna sauya sinadaran da ke ciki a hankali; ƙamshin farko mai kama da na lemo shi yake fara gushewa, ruwan ya yi duhu, wani lokaci ya ɗauki ɗan tsami. Masu nauyi irin su ud da sandal da ambar sun fi juriya, wasu ma zaman yana ƙara musu daɗi, amma ba a kan wannan ake gina hujjar tara kwalabe hamsin ba.

To idan hancinka ba zai iya cinye abin da ka tara ba, me kake saye? Ka duba yadda abin yake faruwa. Bayan sallar isha'i, gida ya yi shiru, ka kwanta da waya a hannu, sai ga wani a TikTok yana juya kwalba a gaban kyamara yana rantsuwa cewa ƙamshinta na kwana uku a riga. Ka nemi mai sayarwa a WhatsApp, ya ce saura biyu, ya turo lambar asusu. Daga lokacin da ka tura kuɗin zuwa lokacin da ɗan aike ya kira ka ya ce yana bakin ofis, kana cikin wani nishaɗi da ba ka samu a sauran ranakunka. Ka yage ledar, ka fesa sau biyu a bayan hannu, ka shinshina, ka ce ba laifi. Bayan kwana uku kwalbar ta shiga layin 'yan'uwanta, kai kuma idonka ya riga ya koma kan wata. Daɗin duka yana tsakanin biya da karɓa, kuma wannan ba tatsuniya ba ce: a shekarun 1990 masanin ƙwaƙwalwa Wolfram Schultz ya nuna a jikin birai cewa ƙwayoyin halittar ƙwaƙwalwa da ke fitar da dofamin, sinadarin da ke sa a yi ɗokin samun abu, da zarar dabba ta saba, sun fi motsawa lokacin da ta ga alamar cewa lada na tafe, fiye da lokacin da ladan ya shiga bakinta. Wani masanin, Kent Berridge, ya ƙara bayyana cewa ɗokin samun abu daban yake a ƙwaƙwalwa da jin daɗinsa, har ɗokin yana iya ƙaruwa alhali daɗin na raguwa. Shi ya sa kwalba ta 46 ba ta faranta maka rai kamar ta biyu ba, amma ka fi matsuwa a kanta.

Harkar turare tana da nata tarkon da sauran kayan sha'awa ba su da shi. Hanci yana sabawa da ƙamshin da ya daɗe a kusa da shi cikin ɗan lokaci, ya daina kai rahotonsa ga ƙwaƙwalwa, kamar yadda mai aiki a gidan burodi ba ya jin ƙamshin da ke tsayar da masu wucewa. Sai mutum ya yanke hukuncin cewa turarensa ba ya kama jiki, ya bazama neman wanda ya fi ƙarfi, alhali abokin zamansa a ofis yana fama da ciwon kai saboda shi. Sannan kamfanonin Dubai da Sharja irin su Lattafa da Armaf da Rasasi sun sauƙaƙa farashi ƙwarai, har mai albashi yana iya mallakar Club de Nuit Intense Man, wanda ake kwatanta ƙamshinsa da Creed Aventus mai tsananin tsada. Wannan alheri ne ga mai sayen kwalba ɗaya, amma ga mai irin halinka araha ita ce ƙofar shiga, domin kowace kwalba ita kaɗai ba ta kai a yi mata dogon tunani ba, sai an tara kuɗin shekara a ga ɓarnar. Ga kuma batun dala: tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, farashin dala a hukumance ya tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, mutane suka ga kayan waje suna ninkawa a idonsu. Don haka idan mai shago ya ce maka, "Alhaji, ka ɗauka yanzu, sabon kaya ba zai zo a haka ba," mai yiwuwa gaskiya yake faɗa. Sai dai tashin farashin abin da ba ka bukata ba asararka ba ce.

Game da ko ciwo ne, likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da sanin wannan hali. Bajamushen likita Emil Kraepelin ya bayyana shi tun 1915 da sunan oniomania, wato haukan saye. Wani bincike da Lorrin Koran da abokan aikinsa na Jami'ar Stanford suka wallafa a 2006 ya samu alamunsa a jikin kusan mutum 6 cikin 100 na manyan da aka tambaya a Amurka, kuma abin lura shi ne maza da mata sun zo kusan kunnen doki, saɓanin zaton da ake yi cewa matsalar mata ce. Ba a yanke wa mutum hukuncin ciwo ta wasiƙa, sai an zauna da shi, amma abin da ka kwatanta ya isa a ɗauke shi da muhimmanci. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi, kuma sau da yawa sayen yana rufe wani abu ne: damuwa mai nauyi, fargaba, kaɗaici, ko jin cewa tsararrakinka sun wuce ka. Ka tambayi kanka me ya faru a rayuwarka a daidai lokacin da abin ya sauya salo. Idan kuma sayen yana zuwa ne a wasu kwanaki da barcinka ke raguwa ba tare da ka gaji ba, surutu ya ƙaru, kana jin ba abin da zai gagare ka, to wannan alama ce ta wata larura daban da ke bukatar likita da gaggawa. Haka wanda ke shan wasu magungunan cutar karkarwa ta Fakinson, irin su pramipexole, domin an tabbatar suna iya jawo saye ko caca ba ƙaƙƙautawa. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin Dawanau, kuma zuwa can ba ya nufin mutum ya taɓu. Abin da ya fi nuna amfani ga masu wannan matsala shi ne zaman tattaunawa da masani, inda ake bin diddigin tunanin da ke gabatar saye ana sauya shi.

Maganar abokanka cewa sunna ce, ni ba malamin fiƙihu ba ne, amma ko ɗan makarantar allo ya san sunnar a shafa turaren take, kuma kwalba ɗaya ta wadatar da Juma'o'in shekara guda. Addinin da ya kwaɗaitar da ƙamshi shi ne ya hana almubazzaranci, ya kuma ɗora ciyar da iyali a wuyan maigida. Kwatanta ka da masu shaye-shaye kuwa ta'aziyya ce kawai; makarantar yaranka ba za ta karɓe ta a madadin kuɗin zango ba.

Ban ba ka shawarar ka rantse ba za ka ƙara saye ba har abada, domin irin wannan rantsuwar ka riga ka gwada ta, kuma duk lokacin da ta karye kunyar da ke biyo baya ita ce ke sake tura ka saye. Abin da kake bukata shi ne tazara tsakanin so da biya. Ka sami ɗan littafi, duk turaren da ya shiga ranka ka rubuta sunansa da farashinsa da ranar, da kuma halin da kake ciki a lokacin, ko gajiya ce, ko ɓacin rai, ko shigowar albashi, sa'annan ka ba shi kwana 30. Yawancin sunayen za ka dawo ka tarar ba ka ma tuna dalilin rubuta su ba. Wanda ya tsira bayan wata guda, kada ka saye shi ba ka shinshina ba. Ka nemi masu ɗiba su zuba maka mililita 5 ko 10, ka yi mako kana sawa a rana da dare. Ka fita daga zaurukan masu sayarwa, ka daina bin masu tallar turare na tsawon wata uku aƙalla, domin ba a jinyar ƙuna a bakin murhu. Ranar da alat ɗin albashi ya shigo, kafin komai ka fitar da kuɗin cefane da na makaranta da zubin adashi zuwa inda hannunka ba zai kai da sauƙi ba, ka yanke wa turare wani ƙaramin kaso, ka kuma riƙa biyansa da tsabar kuɗi, saboda ƙirga takardun naira a gaban mai shago yana da ciwon da danna waya ba shi da shi.

Su kuma 46 ɗin, ka fito da su duka ka jera a kan tabarma, ka ware waɗanda ka shafa a cikin wata uku da suka wuce. Da wuya su haura goma. Sauran ka sayar da waɗanda ba a buɗe ba, kuɗin ya tafi kai tsaye ga giɓin kuɗin makaranta. A nan sai ka yi hattara, domin na ga waɗanda suka ce za su rage kaya ta hanyar sayarwa, suka wayi gari sun zama 'yan kasuwar turare na ƙarya, suna sayo goma su sayar da biyu, sun samu sabon suna da za su kira tsohon hali.

Mafi wuya shi ne uwargida, kuma ina ganin daga nan ya kamata ka fara. Ɓoyo shi ne abincin wannan hali, domin muddin ba wanda ya san adadin, kai ma ba dole ne ka kalle shi ba. Matar da ke share ɗakin da durowar take, zai yi wuya a ce ba ta lura ba. Mai yiwuwa abin da ba ta sani ba shi ne maganar adashin. Ka zaɓi lokacin da yara suka yi barci, ka faɗa mata adadin kuɗin yadda yake ba tare da ragi ba, ka nuna mata yadda ka shirya cike shi, ka kuma roƙe ta ta riƙa duba littafin nan tare da kai a ƙarshen kowane wata. Za ta iya yin fushi, kuma tana da hakkin yin sa. Kwalabe ukun da ke but ɗin mota kuwa, ka shigo da su yau ɗin nan a hannunka ta ƙofar gida, ba a cikin jakar ofis ba. Motar da ta wuni a rana cikinta ya fi waje zafi nesa ba kusa ba, kuma idan suka ƙara 'yan makonni a can, ko mai sayen na hannu ba zai karɓe su da daraja ba.