Ku Tambayi Baba: Sun teku bayan kaka

Tambaya:
Assalamu alaikum Baba. Ni masunci ne, a tabkin Gidimuni na tashi, na iya birgi, wato ragar jifa, na iya mamari, wato doguwar igiya mai ƙugiyoyi. Mun gama shigar da gero, kuma wani abokina da ke Lome ya ce in zo mu shiga sun teku, wai da sanyi ya faɗo kifi ake kwasa kamar ƙasa. Tunda ka zauna can, yaya teku take a watan Nuwamba, bakin gaɓa da can ciki? In tafi ko in dakata?
Ɗanka, daga Gidimuni

Amsa:
Wa alaikumus salam, ɗana. Abokinka bai yi maka ƙarya da gangan ba, lissafin gida ya ɗauka ya aza wa teku. A nan wajenmu ruwan tabki yana janyewa bayan damina, tarwada da karfasa su matsu wuri guda, masunci ya samu. Tekun Lome ba ta bin wannan tsari.

Babbar kakar kifi a gaɓar Gana, Togo da Benin tana zuwa ne daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da kai kake duƙe a gona. A watannin nan ruwan sanyi na can ƙasa yake tasowa sama, ya ɗauko abincin da ƙananan kifaye ke ci, sai sardin ya taru garke garke kusa da gaɓa. Na ga ranar da kwalekwale ya shigo ya nutse har baki saboda nauyi, mata masu banda suna rububi da manyan robobi, hayaƙi ya rufe unguwa har dare. Kafin Nuwamba duk wannan ya wuce. Ruwan saman teku ya koma ɗumi, zafinsa ya kai wajen digiri 28, sardin ya watse ko ya yi ƙasa. Akwai wani ɗan sanyin da ke dawowa wajen Janairu, amma na makonni ne kawai, bai kama ƙafar na damina ba. Wanda ya ce maka sanyin hunturu na kawo kifi, wataƙila labarin Senegal da Muritaniya ya ji. Can kam haka ne: iskar arewa tana tada ruwan sanyi tun daga ƙarshen shekara har wajen Mayu. Amma Dakar daban, Lome daban.

Abin da Nuwamba ke da shi, wanda ban raina ba, shi ne kwanciyar ruwa. A gaɓar nan akwai wurin da igiyar ruwa ke karyewa dab da yashi, kuma nan ne kwalekwale ya fi kifewa, ba can tsakiya ba. Da damina igiyar tana tashi ta fi tsayin mutum. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana sassautawa. Ga mai koyo irinka, babu lokacin da ya fi wannan.

A bakin gaɓa aikin da baƙo ke fara samu shi ne jan taru. Kwalekwale zai fita da sassafe ya zagaya da raga, ya dawo da bakin igiya biyu, mutum talatin ko fiye su jeru a yashi suna ja, suna waƙa da yaren Ewe. Awa uku, awa huɗu. Na ja sau biyu don marmari a shekarata ta farko. Igiyar jiƙaƙƙiya ce, da yashi a jikinta, ta sale mini tafin hannu, ruwan gishiri ya shiga ciki, kwana uku ina alwala ina cije baki. Ladan kuwa kason kifi ne, kuma a Nuwamba sau da yawa jakar ragar takan fito da ƙananan kifi, da kaguwa, da leda mai yawan gaske. Ka kuma sani ruwan teku yana cika yana janyewa sau biyu a yini, kullum lokacin yana jinkirta da kusan minti 50, kuma ya fi ƙarfi a tsayuwar wata da daren sha huɗu. Wannan ba ka san shi a Gidimuni ba, sai ka zauna ka koya kamar karatun allo.

Can ciki kuma iri biyu ne. Akwai masu babbar raga ta zagaye, manyan kwalekwale da aka sassaƙa daga icen wawa na Gana, da injin mai ƙarfin doki 40 a gefe, mutum goma sha biyar zuwa ashirin a ciki. Su da dare suke neman garke, suna gane shi da ƙyallin da ruwa ke yi idan kifi ya motsa, shi ya sa farin wata ba abokinsu ba ne. A wannan watan sukan ƙona mai da yawa su dawo da kaɗan. Sai masu fatsa, waɗanda ke loda ƙanƙara su yi kwana uku ko huɗu a kan wuraren da ke da duwatsu a ƙasa, suna kamo jan kifi mai tsada da otal otal ke saye. Su ne Nuwamba ke yi wa rana, domin ruwa a kwance yake, kuma garau. In da za ka samu shiga cikinsu, hannunka na mamari zai yi amfani. Sai dai yawancin masu jiragen ƴan ƙabilun Fanti ne da Ewe da Ada, kuma ɗan'uwa ko ɗan unguwa suke ɗauka. Ka tambayi abokinka da kyau: shi a jirgi yake, ko dako yake yi a sabuwar tashar masunta ta Gbetsogbe da aka buɗe a 2019? Yawancin ƴan gidanmu da na sani can, dako ne da turin amalanke da tsaron shago.

Tambayi rabo kuma tun kafin ka taka jirgi. Ana fara cire kuɗin mai da abinci, mai jirgi da raga da injin ya ɗauki nasa, saura ku raba. Ranar da ba a kama ba, babu ko dala.

Wani abu da ya ba ni mamaki: hazonmu yana bin mutum har teku. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Disamba ƙurar hunturu takan sauka Lome, ka fito da safe ka shaƙi ƙamshin gida. Daɗi ga mai kewa, masifa ga mai kwalekwale, domin gaɓa takan ɓace masa, ga manyan jiragen kaya jibge a gaban tasha suna jiran layi. Kada ka shiga jirgin da babu mai waya ko na'urar nuna hanya a cikinsa, kuma ka sayi rigar ceto da kuɗinka ko da za su yi maka dariya. Iyon tabki da gora a ƙirji ba shi ne iyon teku ba.

Shawarata: in kana da kuɗin mota da na cin wata biyu ba tare da ka taɓa geron gida ba, je ka koya yanzu da ruwa ke kwance. In kuwa da niyyar aiko kuɗi kafin ƙarshen shekara za ka tafi, zauna ka ci kakar tabkinka.

Tambaya:
Baba, ina soya kifin kwali a kusa da Kasuwar Dole. Tunda sanyi ya shigo, ko zai yi sauƙi?
Ƴarka, daga Zangon Damagaram

Amsa:
Ƴata, kifin da kike soyawa bai san kwalekwalen Lome ba. Manyan jirage ne ke kamo shi a ruwan ƙasashe irin su Muritaniya da Namibiya, a daskarar da shi, ya yi watanni a ɗakin sanyi kafin mota ta hauro da shi. Farashinsa hanya yake bi, da kuɗin gazuwal, da halin da iyakar Nijar da Benin ta shiga a 2023. Abin da sanyi zai yi miki shi ne kwalin da kika buɗe da hantsi zai kai la'asar bai saki ba.