Kaka ta shigo birni: me za a saya, me za a bari?

Wasiƙun wannan makon na sababbin ma'aurata ne da ke zaune a biranen da kaka ke zuwa da sanyi da yayyafi. A arewacin duniya dare da rana sukan yi kunnen doki wajen 22 ko 23 ga Satumba, daga nan dare ya fara cin rana, kuɗin wuta kuma ya fara cin albashi. Na zaɓi biyar, na rage musu tsawo.

Tambaya: Anti, ni da maigidana ɗaki da falo muke haya. Da magariba ta yi sai na fara rawar ɗari, shi kuwa yana yawo da singileti yana cewa lafiya lau. Ina so mu sayi hitar ɗumama ɗaki, shi kuɗin wuta yake tsoro. Mai kanti ya nuna mana mai fanka, da mai mai a ciki, da mai jan haske, ya ce mai man ba ta cin wuta. Wacce za mu ɗauka?

Ƙanwata, mai kantin nan ciniki yake nema. Duk hitar da ake sa wa a soket aikinta ɗaya ne, ta mayar da wutar da ta sha zafi, kuma babu wadda ta fi wata iya wannan. Juya ta ki duba ɗan rubutun da ke bayanta. In an rubuta wat 2000, to duk awa ɗaya da ta yi tana aiki gadan-gadan yunit biyu ta cinye, ko da mai a cikinta ko babu. Awa biyar kowane dare yunit goma ke nan, a wata yunit 300. Ki ɗauko takardar kuɗin wutarku ki ga nawa ake sayar muku da yunit ɗaya, ki ninka, sannan ku zauna ku kalli lambar tare. Tsoron maigidanki yana da tushe.

Bambancinsu a hali yake. Mai fanka nan take take ɗumama ɗaki, amma tana da ƙara, kuma ana kashe ta sanyi ya dawo. Mai mai tana jan lokaci kafin ta yi zafi, ba ta da ƙara, kuma takan ci gaba da ɗumi bayan an kashe. Mai jan haske abin da ke gabanta kawai take gasawa: ƙafarki ta yi zafi, bayanki na sanyi. In za a zauna a falo daga magariba har dare, mai mai na fi so, amma wadda ke kashe kanta in ɗaki ya kai ɗumin da aka saita mata, ta sake kamawa in ya sauka. Wannan ɗan maɓallin shi ne ke rage kuɗi, ba man ba.

Sai dai ni da ni ce, ba da hita zan fara ba. Mutum ɗaya ke jin sanyi a gidan nan, me zai sa a ɗumama bango da silin da kujeru saboda shi? Bargon lantarki yawanci wat 100 yake ci ko ƙasa da haka, wato sai ya yi awa ashirin kafin ya cinye abin da waccan hitar ke sha a awa ɗaya. Ki yafa shi a kujera, maigida na gefe da singiletinsa, kowa ya huta. A gado ma ku bar kokawa da bargo ɗaya. Kowa ya samu nasa, naki mai kauri, nasa marar nauyi. Na san za a ce raba bargo raba zuciya ne. A'a, wanda ya kwana ana fizge masa mayafi shi ke tashi da fushi. Ki kuma gaya masa ba shagwaɓa kike ba: a mafi yawan lokaci jikin mace bai kai na namiji samar da zafi ba, hannuwanta da ƙafafunta sun fi saurin yin sanyi.

Kafin duk wannan, ki yagi ɗan siririn tishu ki bi gefen taga da ƙasan ƙofa da shi ranar da ake iska. Inda ya kaɗa, ta nan ɗuminku ke zurarewa. Akwai soso mai gam da ake liƙawa a bakin taga, ƙasan ƙofa kuwa tsohon tawul da aka naɗe ya isa. Labule mai kauri a buɗe shi da rana, a ja shi da zarar rana ta faɗi. Ku sayi ɗan ma'aunin zafin ɗaki ku rataye, ya raba muku gardama. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar kan gidaje a 2018, digiri 18 na Salshiyas ne mafi ƙanƙantar ɗumin da ta ba da shawara a lokacin sanyi. In ɗakinku ya gaza haka, kin yi nasara, a sayi hita.

In an saya: a sa ta kai tsaye a soket na bango, ba a wayar ƙari ba, a bar tazarar mita guda tsakaninta da labule da gado, kada a shanya ko safa a kanta. Kuma don Allah kada wani ya ba ku shawarar kunna murhun gas ko shigo da gawayi ɗaki a rufe. Iskar kabon monoksaid da suke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi. Tana farawa da ciwon kai da jiri, mai barci kuwa ba ya ma farkawa. In gidan na da tukunyar ɗumama ruwa mai aiki da gas, ƙararrawar da ke gano wannan iskar ita ce sayayya ta farko, kafin bargo.

Tambaya: Anti, kullum da safe gilashin tagarmu jiƙe yake sharkaf, jiya kuma na ja kabat na ga baƙin tabo a bango. Amarya ta ce mu sayi na'urar tsotse danshi, ni na ce gwangwanin fenti ya wadatar.

Ƙanena, ajiye fentin. Fumfuna ce, kuma in ka shafe ta da fenti ba a rufa wata biyu za ta leƙo ta gaishe ka. Ga abin da ke faruwa. Iska mai ɗumi ta fi mai sanyi riƙe ruwa: a digiri 20, mita ɗaya ta ko'ina tana iya ɗaukar kusan giram 17, a digiri 10 kuwa kusan giram 9 kacal. Idan iskar ɗakinku ta taɓa gilashi ko bango mai sanyi, sai ta sauke ragowar a nan. Ruwan kuma ku kuke samar da shi: numfashin mutum biyu dare guda, tururin tukunya, wanka da ruwan zafi, uwa uba wankin da kuka koma shanyawa a falo tunda yayyafi ya hana shanya a waje. Bayan kabat iska ba ta ratsawa, bangon ya fi ko'ina sanyi, shi ya sa ta zaɓi wurin.

Fara da abin da ba ya cin kuɗi. Ku buɗe tagogi warwar na minti biyar zuwa goma safe da yamma. Wannan ya fi a bar su a ɗan buɗe yini guda, don iska ta sauya ba tare da bango ya huce ba. A rufe tukunya in ana girki. Bayan wanka a ja ƙofar banɗaki, a buɗe tagarsa ko a kunna fankar da ke zuƙe tururi. Kabat ɗin a janye shi daga bango kamar faɗin tafin hannu. Gilashin a goge shi kowace safiya, a matse tsumman a magudana, kada a shanya shi a ɗakin. Tabon a wanke shi da maganin fumfuna, da safar hannu, taga a buɗe. Kada ka kuskura ka haɗa bilic da wani ruwan wanke-wanke, musamman mai tsami ko mai amoniya, hayaƙin da ke tashi guba ne.

Sannan ka sayi ɗan ma'aunin danshi, abu ne ƙarami da bai kai tafin hannu ba. Tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari shi ake so. In kun yi mako biyu kuna duk abin da na lissafa amma yana nan wajen 70, to amarya ta fi ka gaskiya, ka saya mata na'urar, ka kuma faɗa mata da bakinka cewa ta fi ka gaskiya. Iri biyu ce. Mai kwamfaresa, wato inji irin na firij, ba ta cin wuta sosai, amma ƙarfinta na raguwa a ɗakin da ya yi ƙasa da digiri 15. Ɗayar, mai tsotsewa da sinadari, ta fi aiki a sanyi, ta kuma fi cin wuta. Ku rufe ta a ɗaki ɗaya da wankin, za ku sha mamakin ruwan da za ku zubar daga cikinta.

Abu ɗaya zai sauya maganar. In tabon yana faɗaɗa bayan an yi ruwan sama, ko fentin yana kumbura yana ɓarewa, to daga waje ruwan ke shigowa, ko bututu ya fashe a cikin bango. Wannan na mai gidan haya ne. Ɗauki hoto, ka aika masa a rubuce da kwanan wata, ka ajiye kwafi.

Tambaya: Kuɗin da muka ware bai wuce na kwat mai kyau guda ɗaya ba, ko masu araha guda biyu. Ya za mu yi?

Wanda ya fi daɗewa a tashar bas da asuba shi ya fi buƙata, wannan ba sai an yi shari'a ba. Amma sanyin kaka ba na kwat mai nauyi ba ne. Da safe ɗari, da rana ɗumi, da yamma yayyafi, saboda haka riga uku marasa nauyi da za a iya tuɓe ɗaya sun fi ƙatuwa guda. Ta ciki kada ta zama auduga, don tana riƙe gumi ta yi sanyi a jiki. Ta tsakiya suwaita ta ulu. Ta waje wadda ruwa da iska ba sa ratsawa. Mai cushe da gashin tsuntsu tana da ɗumi ƙwarai, amma in ta jiƙe ta tashi aiki. Ku leƙa gwanjo ba kunya, ku ja zif sama da ƙasa sau da yawa, ku duba ɗinkin hammata da cikin aljihu. Abin da ya rage ku sa a takalmin da ba ya shan ruwa. Arha ba ta ado, a takalmi kuwa ba ta ma kai ƙarshen wata.

Tambaya: Anti, tunda aka mayar da agogo baya, ina fita aiki da duhu ina dawowa da duhu. Ba na son magana, barci kawai nake ji. Maigida ya ce zai sayo babbar talabijin ta ɗebe mana kewa. Ni fitila nake so, amma ban san wace iri ba.

Ƙanwata, ba ke kaɗai ba ce. A yawancin Turai ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, a yawancin Amurka da Kanada Lahadin farko ta Nuwamba, sai mutum ya ga magariba ta riske shi a ofis. Jiki da haske yake saita barci da farkawa, in hasken ya yi ƙaranci sai kasala ta sauka.

Talabijin ɗin maigida, Allah ya ba shi haƙuri, ina zargin da ma yana sonta tun kafin kaka. Ba za ta yi maganin wannan ba. Hasken waje, ko ranar da hadari ya rufe sama, ya ninka na cikin ɗaki sau da yawa, don haka minti ashirin na tafiya a ƙasa lokacin hutun rana ya fi duk abin da za ku saya. Ranar da ba aiki ku fita tare da hantsi, ko zagaya unguwa ne ana taka busassun ganye.

A gida, ki duba lambobi biyu a kwalin ƙwan fitila. Lumen shi ne yawan haske: lumen 800 daidai yake da tsohon ƙwai mai wat 60, amma na LED wat 8 ko 9 kawai yake ci. Lambar da ke da K a gefe launi ce: 2700K ja-ja ne mai kwantar da hankali, na falo da ɗakin kwana, 4000K zuwa sama fari ne, na kicin da teburin aiki. Ƙananan fitilu biyu a kusurwa sun fi ƙwai ɗaya a tsakiyar silin sa ɗaki ya yi daɗin zama. Akwai kuma fitila ta musamman mai ƙarfin luks 10,000 (luks ma'aunin hasken da ke sauka a kan abu ne) da ake zama gabanta kamar rabin awa da safe. Tana taimakon wasu, amma mai ciwon ido ko mai shan maganin ƙwaƙwalwa ya tambayi likita tukuna. Hukumar lafiyar Birtaniya tana ba da shawarar shan maikurogiram 10 na bitamin D kullum a kaka da hunturu, masu duhun fata kuma su duba yiwuwar sha duk shekara. In kuwa abin ya wuce mako biyu, abinci ya fita ranki, abin da kike so da ya daina burge ki, to maganar ta wuce fitila, ki ga likita, maigida ya raka ki.

Tambaya: Mu jira rangwamen Black Friday, ko mu saya yanzu?

Wannan rana da kantuna ke karya farashi tana zuwa ne washegarin Alhamis ta huɗu a Nuwamba, wato kusan ƙarshen kaka. Abin da rashinsa ke hana ku barci yau, kamar bargo da ƙararrawar gas, ku saya yau. Sauran ku rubuta su a takarda, kowanne da farashinsa na wannan makon, ku liƙa a jikin firij. Ranar rangwame ku gwada da abin da kuka rubuta, ba da lambar da kanti ya soke da jan layi ba, don wasu sukan ɗaga farashi kafin ranar su sauke. Abin da ba ya cikin takardar ba a saye shi, komai arharsa. In ta intanet za ku saya, ku karanta sharaɗin mayarwa kafin ku biya; a ƙasashen Tarayyar Turai mai saye yana da kwana 14 ya fasa yawancin kayan da aka aiko masa. Kwat mai nauyi kuwa, in na bana zai kai ku, ku bari sai ƙarshen hunturu lokacin da kantuna ke neman wurin ajiye kayan bazara.