Zan sayar da masana'antar ruwana, dole ne in faɗi aibin rijiyar?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Alhaji. Ni ɗan Aboabo ne a nan Kumasi. Sana'ata in kafa abu, in ya tsaya da ƙafarsa in sayar in kama wani. Da gidan burodi na fara, na sayar, na zuba kuɗin a masana'antar ruwan leda. Yanzu ina da inji biyu, keken aboboya (babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya) uku da yara tara. Wani attajiri daga Akra ya taya da daraja. Sai dai rijiyar burtsatsen tana ja baya daga Fabrairu zuwa Maris, har sai mun sayi ruwan tanka, shi kuwa da damina ya zo dubawa. Dillali ya ce in ja bakina tunda ba a tambaye ni ba. Mai sayen kuma ya ce da nasa ma'aikata zai zo. Ga yayana yana cewa sayar da sana'a abin kunya ne. Ina mafita?
Mai karatu daga Aboabo

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi wa nema albarka.

Maganar yayanka ba ta da tsawo. Ka ba shi girmansa, ka saurare shi, amma babu kunya a sayar da abin da ka gina da guminka. Wani Allah ya hore masa kafawa, wani riƙewa, kuma kasuwa tana bukatar duka biyun.

Rijiyar ce ta sa na ajiye sauran wasiƙu na ɗauki taka. Ka faɗa masa. Ka faɗa tun bai ajiye kafin alƙalami ba, kuma da bakinka, kada ka aika dillali. Ka san wannan sana'ar fiye da ni: watannin da rijiyarka ke ja baya su ne watannin da rana ke dukan mutane a kasuwannin Kejetia da Asafo, masu talla suna layi a ƙofarka tun asuba, jaka mai leda 30 ba ta kwana a sito. Cinikin shekara a nan yake. Mutumin da ya ga rijiya cike a watan Yuni zai yi lissafinsa a kan ruwan kyauta, sai Fabrairu ta zo ya tarar da kuɗin tanka yana cinye ribar. Ba ƙaramin aibi ba ne irin fentin da ya kwaile a bango. Aibi ne a cikin ainihin abin da yake biyan kuɗi dominsa.

Batun "ba a tambaye ni ba" kuwa, addininmu ya riga ya toshe wannan ƙofa. Hadisin Hakim ɗan Hizam, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, ya nuna cewa mai saye da mai sayarwa in suka yi gaskiya suka bayyana, za a sa albarka a cinikinsu, in kuma suka ɓoye suka yi ƙarya, za a shafe albarkar. Ka lura, ɓoyewa da ƙarya a jere aka ambace su. Malamanmu kuma sun tabbatar wa mai saye haƙƙin mayar da kaya in ya gano aibin da aka rufe masa. Dillalin nan la'adarsa yake hange, kuma la'ada da tsadar ciniki take tafiya. Ban ce mugu ba ne. Amma ranar da rigima ta tashi, ba ƙofar gidansa za a yi sallama ba.

Na taɓa zama shaida a cinikin wani gidan burodi a bayan Alabar. An gama magana, an kusa tafa hannu, sai mai sayarwar ya ce a dakata. Ya ɗauko tocila, ya ja mai sayen zuwa bayan tanda, ya durƙusa ya haska masa wata tsaga da ta bi bulo tun daga ƙasa, wadda toka ta rufe ta yadda babu mai gani. Ya gaya masa yawan itacen da take ƙara ci a mako, da abin da magini ya nema don gyara. An rage kuɗi, ba kaɗan ba. Amma da mutumin nan ya tashi buɗe shagon fulawa, wanda ya sayi gidan burodin ne ya fara ɗaukar kaya a wurinsa, ya kuma jawo masa abokan sana'a.

Wannan ya fi shafarka fiye da kowa, domin kai ba sau ɗaya za ka sayar ba. Wanda ya gaji shago ya sayar ya koma gida, watakila ba zai sake haɗuwa da mai sayen ba. Kai kuwa bayan ruwa akwai wani abu, kuma duk mai son saye daga hannunka sai ya tambayi na baya. Zango ba ya da faɗi. Abin da aka yi a Aboabo da safe, kafin la'asar an ji shi a unguwar Nima ta Akra. Kakanninmu da suka watso daga Salaga bayan yaƙin 1892 suka zauna a garuruwan nan, da me suka riƙe cinikin goro da shanu? Bafatake yakan sauka gidan mai gida, ya bar masa dukiya babu takarda ko ɗaya, domin sunan mai gidan ya isa jingina. Wannan gado har yau shi ke sa a ba ɗan Zango kaya bashi.

Ga yadda nake so ka yi. Ka fito da littafinka na shekara biyu ko uku, ka nuna masa tanka nawa kuka saya kowane rani da kuɗinsu. Ka kira masu haƙa rijiya su kimanta abin da ƙara zurfi ko haƙa ta biyu zai ci. Sai ka ba shi zaɓi: ko ka gyara kafin miƙa makulli, ko a cire kuɗin gyaran daga farashi. Mai hankali ya fi sakin jiki da mai sayarwar da ya zo masa da matsala da lissafinta a hannu. In ya fasa, ya fasa, wani zai zo.

Yaranka tara kuma, kada su ji labari a bakin mai shayi. Ka tara su ka gaya musu da kanka. Ba za ka iya tilasta wa mai saye ya riƙe kowa ba, amma kana iya sa shi cikin ciniki, musamman masu kula da inji da direbobin da suka san kowane kanti da ke karɓar ruwanka. Shi ma ribarsa ce, domin baƙo daga Akra bai san lungunan Asawase ba. Wanda ba za a riƙe ba, Dokar Ƙwadago ta 2003, sashe na 65, ta yi maganar kuɗin sallama ga ma'aikacin da ya rasa aiki saboda rufe wuri ko sauya tsarinsa, kuma adadin da yarjejeniya ake tsayar da shi. Ka duba kuɗin fanshonsu na SSNIT ma: kashi 13 cikin ɗari na albashi daga gare ka, kashi 5.5 cikin ɗari daga albashinsu. In akwai watannin da ba a zuba ba, ka cike daga kuɗin cinikin kafin ka taɓa ko sidi ɗaya. Haƙƙin ma'aikaci ba ya bin makulli zuwa hannun sabon mai gida.

Saura takardu. In rajistar sunan kasuwanci kawai ka yi, a idon doka kai da masana'antar abu ɗaya ne, bashinta bashinka ne ko bayan ka sayar. In kamfani ne ƙarƙashin Dokar Kamfanoni ta 2019, sayar da hannun jari yana tafiya da kamfanin har da abin da ake binsa, don haka sai ka lissafa masa basussukan ɗaya bayan ɗaya. Ka daidaita da hukumar haraji ta GRA, ka biya kuɗin wutar da ya taru, sannan ka je ofishin FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, ka sanar da su canjin hannu, kada wani ya ci gaba da buga ruwa da takardar da ke ɗauke da sunanka. Ka nemi lauya ya rubuta yarjejeniyar, maganar rijiya ta fito ƙarara a ciki, shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa.