Tambaya da Amsa: Ɗana ya matsa sai na saya masa bindigar fenti

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazauniyar Hamburg ce a ƙasar Jamus. Ɗana na fari, ɗan shekara 16, ya hana ni sakat sai na saya masa bindigar nan mai harba ƙwallon fenti, wai abokansa suna zuwa wasan. Mahaifinsa ya ce gwamnati ta haramta abin tun tuni, shi kuma yaron ya rantse ba a haramta ba. Wa ke da gaskiya? In kuma ba ta halatta a nan ba, zan iya saya in tafi masa da ita Kano ya yi wasa lokacin hutu?
Wata uwa, daga Hamburg

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Maigida ya riƙe farkon labari, yaro ya riƙe ƙarshensa, sai dai ya ɓoye miki ɓangaren da bai yi masa daɗi ba.

Abin da maigida yake tunawa ya faru ne a 2009. Ranar 11 ga Maris na shekarar, wani matashi ɗan shekara 17 ya shiga tsohuwar makarantarsa a garin Winnenden, kusa da Stuttgart, ya buɗe wuta. Kafin ranar ta ƙare ya kashe mutum 15, sannan ya kashe kansa. Hankalin Jamusawa ya tashi ƙwarai, kowa yana cewa a yi wani abu. A watan Mayu sai jam'iyyun da ke gwamnatin haɗaka ta Angela Merkel suka fito da shawarar a haramta wasan harbin fenti gaba ɗaya, duk wanda aka kama a ci shi tarar da za ta iya kaiwa Yuro 5,000. Hujjarsu ita ce wasan kwaikwayon kisa ne, yana sa matashi ya saba da auna ɗan'uwansa mutum.

Ba a je ko'ina ba shawarar ta faɗi, domin mutane sun yi tambaya mai sauƙi: da me yaron ya yi kisan? Da bindiga ta gaske ya yi, ƙirar Beretta, ta mahaifinsa, wadda aka ajiye a ɗakin kwana ba a kulle ba. To in ɓera ya yi sata, ina ruwan kaza? Dokar da ta fito daga baya ta koma kan ainihin ciwon. Aka ba hukuma ikon zuwa gidajen masu bindiga ta duba yadda suke ajiye su, aka kuma ɗaga shekarun da ake fara harbi da manyan bindigogi a ƙungiyoyin wasan harbi daga 14 zuwa 18. Wasan fenti ya tsira. A ganina a nan majalisa ta yi daidai, ko da yake sai da aka ja mata kunne.

Yanzu ga abin da ɗanki bai faɗa miki ba. A dokar makamai ta Jamus, bindigar fenti makami ce, ba a lissafa ta cikin kayan wasan yara. Sai wanda ya cika 18 zai saye ta ko ya mallake ta. Dole ƙarfin harbinta kada ya wuce jul 7.5 (jul ma'aunin ƙarfi ne), kuma dole a ga harafin F cikin wata alama mai kusurwa biyar a jikinta, shaidar ta cika wannan ƙa'ida. Ba a yawo da ita a titi. In za a kai ta filin wasa, sai a cikin jaka ko akwati a kulle, babu ƙwallo a ciki. Wasan kansa a killataccen wuri ake yi, inda ƙwallo ba zai tsallake ya sami mai wucewa ba. Saboda haka in kika saya da sunanki kika miƙa masa, ke ce kika taka doka. Abokan nan da yake faɗa, ki tambaye shi shekarunsu.

Kada sunan fenti ya ruɗe ki. Asalin bindigar ma ba don wasa aka ƙera ta ba: masu aikin daji da makiyaya a Amurka ne ke amfani da ita suna sa wa itatuwa da shanu alama daga nesa, sai a 1981 wasu mutum 12 suka fara harbin juna da ita a dajin jihar New Hampshire. Ƙwallon kwanso ne mai laushi irin na kafson magani, nauyinsa kamar giram 3, amma a yawancin ƙasashe yana fita da gudun da ya kusa mita 90 a daƙiƙa guda. Na taɓa bin 'ya'yan ƙanena wani filin wasa a Abuja, aka yi mini ruwan fenti, na yi sati ina sallah da tabo shuɗi a cinya. Wannan abin dariya ne. Abin da ban yi wa dariya ba shi ne wani saurayi da na ga ya ɗaga abin rufe fuskarsa a tsakiyar fili don gumi ya rufe masa gilashi. Abin da ya bar tabo a cinya, in ya sami ido yana iya tsiyayar da shi har abada.

Ƙasashe sun bambanta kan shekaru. Jihar New South Wales ta Ostireliya ta yi wa wasan dokarsa ta musamman a 2018, ta sauke shekarun shiga fili daga 16 zuwa 12, amma ta riƙe lasisi ga masu filaye da masu mallakar bindigar. Ni na fi gamsuwa da irin wannan: a tsare fili, a tsare ido, a san wanda ya ajiye ta a gida.

Akwai kuma maganar da zan faɗa miki a matsayinki na uwar yaro baƙar fata a Turai. Wasu daga cikin bindigogin nan an ƙera su kamar na soja sak. Ɗan sandan da ya hango yaro riƙe da ita da magariba ba zai tsaya neman harafin F ba. A 2014, a birnin Cleveland na Amurka, ɗan sanda ya harbe Tamir Rice, ɗan shekara 12, yana riƙe da bindigar wasa mai harba 'yan ƙwallayen roba.

Batun Kano kuwa, ki ajiye shi gefe. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa bindigogi masu harbi da iska cikin waɗanda sai da lasisin 'yan sanda ake riƙewa, kuma tun daga filin jirgi jami'in kwastan zai fara tambayarki takarda. Ko da ta wuce nan, ki ƙaddara yaro ya fito da ita ƙofar gida a unguwar da ake kwana da fargabar 'yan daba da masu ƙwacen waya. Wa zai saurari bayaninsa cewa fenti ne a ciki?

Ki ce masa ya yi haƙuri shekara biyu. In ya cika 18, ya je fili mai rajista, su ba shi hayar bindiga da abin rufe fuska, ya yi wasansa ya mayar musu da kayansu. In har kuɗin na ƙaiƙayi, abin rufe fuska mai gilashi biyu wanda ba ya yin hazo za ki saya masa, tunda na haya ya sha gumin mutane da yawa.