Ɗan Kuka, Kanya da Muruci: Amsoshin Tambayoyinku

Tambayoyin wannan mako duk sun taru a daji. Wani ɗalibi daga Ringim ya rubuto cewa shi da abokinsa sun yi musu a kan karin maganar nan, "ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa." Abokin ya ce ana nufin yaro mai yawan kuka, wanda ke sa maƙwabta su tsani uwarsa. Shi kuma ransa bai kwanta ba, don bai taɓa ganin an jefi mace saboda ɗanta ya yi kuka ba.

Ɗana, kai ne da gaskiya. Kukan da ke cikin wannan magana ba na hawaye ba ne, bishiya ce, wadda ake miya da ganyenta. Rubutun boko ne ya haɗa su, don ba ma sa alamar karin sauti. A baki kuwa sun rabu: in ka ce kuka na hawaye, muryarka a sama take tun daga farko har ƙarshe, in ka ce kuka ta miya, sai ta sauko a gaɓa ta biyu. Jinsinsu ma daban, shi ya sa muke cewa "kukan yaro" amma "kukar ƙofar gari."

Wanda ya tashi a ƙauye ba sai an yi masa bayani ba. Da rani kuka takan zubar da ganyenta kaf, ta bar 'ya'yan suna reto a can ƙololuwa. Gindinta kauri gare shi, ga santsi, ba kowane yaro ke iya hawa ba. To, me ya rage? Jifa. Yara su taru da duwatsu da guntayen sanduna, su yi ta auna ɗan, amma goma ta faɗa a jikin uwar kafin ɗaya ta same shi. Ita ba ta yi wa kowa laifi ba, abin da ta haifa ne ake so. In ɗan ya faɗo a fasa ɓawon, a tsotsi farin garin nan mai ɗan tsami, ko a kai gida a jiƙa a zuba a kunu. Saboda haka ake buga wannan misali ga ɗan da halinsa ke jawo wa iyayensa zagi ko ƙara wurin mai gari. Amma a lura da wani abu da masu faɗar maganar kan tsallake: ɗan kuka ba don muninsa ake jifarsa ba, don amfaninsa ne. Ina ganin ta dace har da uwar da ke shan baƙar magana don 'yarta ta yi farin jini, ko ɗanta ya samu abin hannu.

Wata malamar firamare daga Ɗambatta ta ce tana son ta koya wa 'yan ajinta "kanya ta nuna, biri ya karye," amma rabin ajin ba su taɓa ganin kanya a bishiya ba. Malama, wannan magana taki ta taɓa ni, don Ɗambatta ba birni ba ce da za a ce itace ya yi nisa. Kanya doguwa ce mai duhun ganye, ba ta cika zubar da shi ba, tana son bakin fadama da kan suri. 'Ya'yanta ƙanana ne zagayayyu, kore suke fitowa, kuma ɗanyensu bauri gare shi mai ɗaure baki. Sai lokacin sanyin hunturu suke komawa ruwan ɗorawa su yi zaƙi. Biri ya daɗe yana kewaya ta, yana ɗanɗanawa yana tofarwa, ranar da ta nuna kuwa ƙafa ta karye. Ma'anar ke nan: abin da ka daɗe kana jira ya zo daidai lokacin da ba ka da ikon cin moriyarsa. Akwai wata karin maganar da ke tsaye a gaban wannan kamar mai ba ta amsa, wato "ko biri ya karye sai ya hau rumbu." Ki ba yaran duka biyun su yi ta gardama a kai. In da hali kuma, ki sayo kanyar a kasuwa ki raba musu kafin ki rubuta komai a allo.

Tambaya ta uku daga wani bawan Allah ne a Kazaure: mene ne bambancin tsinta da tsinka da kala? Tsinta ita ce ɗaukar abin da ya faɗo ƙasa da kansa, kamar ɗinya ko aduwa ko kaɗanya da asuba. Tsinka kuwa raba abu da reshensa ne da hannu, kamar tsada ko magarya. Ganye ana figarsa, wato a kama reshe a zuge. Abin da ya fi ƙarfin hannu a kaɗo shi da gora ko a jawo da maƙata, kamar ɗorawa da tsamiya. Na cikin ƙasa a tono. Kala ba ta daji ba ce, ta gona ce: bin bayan masu girbi ana tattara abin da ya tsere musu.

Waɗannan kalmomi ba ado ba ne, hukunci ke cikinsu. A karkarar Kano da Jigawa, inda kusan kowane taƙi yana da mai shi, ɗorawa da tsamiya da kukar da ke cikin gona dukiya ce, har gadonsu ake yi. Yaron da ya tsinci abin da iska ta kayar ba wanda zai kula shi. Wanda ya zo da maƙata da buhu ya kaɗe ɗorawar wani kuwa, ya ɗauki abin da ba nasa ba, don a cikinta akwai gari, akwai kalwa ta daddawa, akwai ɓawon da ake makuba da shi a shafe katanga da daɓe. Sunayen wurare ma shaida ne a kan darajar itatuwan nan: Kurna da Ɗorayi a cikin Kano, Rimin Gado, Tsamiya Babba, ga Taura da Kanya Babba a Jigawa.

Wani almajirin ilimi daga Gumel ya tambaya ko magarya da kurna abu ɗaya ne. A'a, amma 'yan gida ɗaya ne, masana tsirrai suna sa su a dangin da suke kira Ziziphus. Kurna takan zama babbar bishiya mai inuwa, magarya kuwa ta fi zama gajeriya mai yawan ƙaya, bayan ganyenta fari-fari. Malamanmu da magarya suke fassara sidir na Larabci, shi ya sa muke cewa Magaryar Tuƙewa, kuma ganyenta ake dakawa a sa a ruwan wankan gawa.

Sai mai tambaya daga Hadeja, ƙasar goriba da kaba da bado, wanda ya haɗo biyu: "inuwar giginya, na nesa ka sha," da kirarin "murucin kan dutse, ba ka fito ba sai da ka shirya." Giginya miƙaƙƙiya ce ba reshe, ganyenta duk a can sama, don haka da hantsi ko la'asar inuwarta tsallake gindin take ta faɗa can gefe. Na kusa yana rana, na nesa yana hutawa. Ga kuma 'ya'yanta masu nauyi, in ɗaya ya faɗo wa mutum a ka sai asibiti. Da ita ake zambo ga mai alheri ga bare alhali danginsa na cikin wahala. Muruci kuwa tsiron ƙwallon giginya ne. Ana binne ƙwallayen a rami, bayan watanni a tono, a dafa, a ɓare a ci. Shi muruci ƙasa yake nutsawa kafin ya ɗago kai, yana bukatar rairayi mai taushi. Wanda ya iya tsirowa a kan dutse kuwa lallai da shirinsa ya zo. Kirarin jarumi ne wanda ya taso daga inda ba a zata ba.

Na bar ta ƙarshe don ita ta fi nauyi. Wata Hajiya daga Birnin Kudu ta ce kakarta kan ambaci ɗinkin da dabagira da yaɗiya, ita kuwa ba ta san ko ɗaya ba, kuma tana son ta koma cin ganyen daji saboda tsadar cefane. Hajiya, ɗinkin shi ne ɗanyen tohon ganyen ɗinya. Dabagira toho ne da furen aduwa. Yaɗiya ciyawa ce mai yaɗo a ƙasa ko ta nannaɗe shinge, tana nan kore shar ko da rani. Ƙara da tafasa da gasaya da zaƙi-banza da lalo da karkashi. Yawancinsu dafawa ake yi a tsiyaye ruwan, a matse, a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli da gishiri da barkono da albasa, ko a cuɗa da tsaki a turara dambu.

Kakarki ba don marmari kaɗai ta san su ba. Tsakanin shuka da fitowar sabon gero, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ganyen nan ne ke riƙe gida. A manyan shekarun yunwa kuwa, irin ta 1913 zuwa 1914 da ake kira Kakalaba, da farin 1973 da na 1984, mutane sun rayu da abin da daji ya bayar: 'ya'yan bado, ƙwayar ƙarangiya, da dilo, wato 'ya'yan anza masu ɗaci, waɗanda sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin su ciwu. Tun 1916 wani likita Bature mai suna Dalziel ya tattara sunayen tsirran Hausa a littafi, kuma abin da ya rubuta daga bakin mutanen ƙasar ya ji shi. Abin da ke damuna shi ne yau gatarin masu itace da gawayi yana cin kanya da ɗinya da aduwa, kuma duk bishiyar da ta faɗi a gari, sunayen ganyenta da furenta da ƙwallonta kan bi ta su ɓace cikin ƙarni ɗaya.

Amma kada ki ɗauki wannan amsa tawa ki shiga daji da ita, suna ba ya nuna ganye. Tafasa tana da 'yar'uwa mai kama da ita, rai-ɗore. Ki duba da kyau: ganyen tafasa bibbiyu ne jere uku a kan sili, bakinsu a zagaye, na rai-ɗore sun fi yawa, bakinsu da tsini, kuma 'ya'yansa na da illa, musamman ga yara. Zaƙami yana gusar da hankali, yana iya kisa. Ruwan tumfafiya da na tinya in ya shiga ido ɓarna yake yi. 'Ya'yan bini-da-zugu da ake shinge da shi ɗanɗanon gyaɗa gare su, yara kan ci su kwana suna amai da gudawa. Sannan yanzu akwai abin da kakanninmu ba su sani ba, wato maganin feshi: tafasar gefen gonar da aka yi wa feshin ciyawa ba ta ciwuwa, haka ta bakin kwata da ta gefen titi. Ki nemi tsohuwa a unguwarku ko cikin masu kawo ganye kasuwa, ki bi ta sau da yawa da damina, ta nuna miki da yatsa, ki tsinka a gabanta, ki ga yadda take dafawa da sau nawa take zubar da ruwan.