Amsa: Shin akwai kuɗin da aka ware domin 'ya'yan marasa galihu a firamare?

Malama, kin tambaya ko gwamnati na ƙara wa makaranta kuɗi idan marayu da 'ya'yan talakawa sun yi yawa a cikinta. A Ingila ana yin haka tun 2011, inda yaron da ya cancanci abincin rana kyauta saboda ƙarancin kuɗin shigar iyayensa yake jawo wa makarantarsa ƙarin kuɗi. Tsarinmu a Najeriya daban yake. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, amma jiha ba ta samun kasonta na ayyuka sai ta ajiye kwatankwacinsa, kuma galibi a ginin azuzuwa da sayen kujeru yake ƙarewa. Kuɗin ba ya bin yaro.

A ganina, ki fara da kwamitin kula da makaranta na unguwarku. A tamu, wata yarinya ta yi zango guda a gida saboda rashin yunifom da takalmi kawai, sai da shugabar mata ta kai sunanta zaman kwamiti aka ɗinka mata kafin mako ya zagayo.